Amsa: Shayin Earl Grey mai ƙamshin turare

'Yar'uwa, kin ce an kawo miki tsarabar shayin Earl Grey, kika ji yana ƙamshi kamar turare, da kika dafa kuma ya yi ɗaci, kina tambaya ko lalacewa ya yi. Lafiyarsa ƙalau. Ƙamshin nan na man ɓawon bergamot ne, wani dangin lemun tsami da aka fi nomawa a yankin Calabria, kudancin Italiya. Masu haɗa turare ma suna amfani da man, hancinki ya yi gaskiya. Sunan kuwa na Charles Grey ne, firaministan Birtaniya daga 1830 zuwa 1834.

Ɗacin nan daga dahuwa yake. Ba shayin da ake bari a buta yana ta tafarfasa ba ne. Ki tafasa ruwa, ki sauke, ki zuba a kan ganyen, ki rufe kofin minti 3 zuwa 4, sai ki tsame ganyen. Idan ya zarce haka, bauri ya danne ƙamshin. Da kin ɗaga murfin, ki fara shaƙar tururin kafin ki kurɓa, nan ne zai fi shigar ki.

Don Allah, a kofin farko kada ki sa citta ko kanumfari, sun fi ƙarfinsa. Ni da sukari kaɗan nake sha, madara kuwa ɗigo kawai, don mai kauri tana binne shi. Ragowar ganyen ki adana a gwangwani mai murfi, nesa da kayan yaji, saboda ƙamshin bergamot da wuri yake gudu.