Tambaya da Amsa: Ɗana na bin sakamakon ƙungiyoyin da ba nasa ba, ko caca ce?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni dattijo ne, na yi ritaya, ina zaune a Unguwar Rimi nan Kaduna. Ɗana ya yi digiri na biyu a jami'ar Ohio State ta Amurka, ya dawo gida bara. Tun ƙarshen watan Agusta, duk ranar Asabar daga bayan la'asar har tsakar dare yana riƙe da waya da wani ɗan littafi. Na leƙa littafin, na ga sunayen makarantu goma sha biyu a jere, kowace da lambobi a gabanta. Ya ce ƙwallon makarantarsu yake bi. To amma na ji shi yana murna wata ƙungiya ta ci wasa, alhali da bakinsa ya ce makarantarsu ta lallasa ta makonni biyu baya. Mahaifiyarsa ta ce wannan sai mai caca. Don Allah a warware mana.

AMSA: Wa alaikumus salam, Baba. Allah ya ƙara girma. Ba zan rantse muku a kan yaron da ban taɓa gani ba, amma littafin da kuka kwatanta na san irinsa, kuma ba na 'yan caca ba ne. Sunayen nan goma sha biyu su ne makarantun da Ohio State za ta kara da su a kakar bana.

Wasan da yake bi shi ne ƙwallon Amurka, mai kama da zari-ruga, wanda ake sa hular kwano. Can har jami'o'i suna buga shi, kuma ba wasan yara ba ne, filin jami'ar Michigan kaɗai yana ɗaukar mutum sama da 107,000. Abin da ya ɗaure muku kai ya samo asali ne daga yadda ake fitar da zakara. A Firimiya da muke kallo a gidajen kallon ƙwallo na Kawo da Tudun Wada, ƙungiyoyi 20 ne, kowace ta haɗu da kowace gida da waje, wasa 38, wanda ya fi maki ya ɗauki kofi. Babu gardama. A babban matakin jami'o'in Amurka kuwa ƙungiyoyi sun haura 130, kuma kowace wasa 12 kawai take yi kafin wasannin ƙarshe. Yawancinsu ba za su taɓa haɗuwa ba. Sai ka ga biyu sun gama da nasara 11 da rashin nasara ɗaya, amma wannan ta ratsa ta cikin manya, waccan kuwa ƙanana ta yi ta tattakewa.

Saboda haka mutane ne ke zama su yanke hukunci. Tun 2014 akwai kwamiti mai mutum 13 da ke jera ƙungiyoyi 25 mafi ƙarfi, ya zaɓi waɗanda za su shiga gasar sili-ɗaya-ƙwale. Da huɗu ake ɗauka, daga 2024 aka mai da su 12. Cikin abubuwan da kwamitin ke dubawa har da nauyin abokan karawa. Kamar dambe ne, Baba: ba a tambayar mutum nawa ka kashe sai an ji su wane ne, kuma in wanda ka kayar ya je Gusau da Sakkwato ya yi ta kisa, sunanka ne ke ƙara tashi kana zaune a gida. Murnar da kuka ji ke nan. Ƙungiyar da suka lallasa ta je ta ci wata, nasararsu ta ƙara daraja.

Makarantar ɗanku ma ta ɗanɗana wannan. A 2014, a wasanta na biyu, Virginia Tech ta zo har gida ta doke ta 35 da 21. Abin da ya ƙara ɓata lissafi, Virginia Tech ta ci gaba da shan kashi a hannun wasu, ta gama wasanninta 12 da nasara shida kacal, sai rashin nasarar ya ƙara muni. Jerin farko da kwamiti ya fitar, Ohio State na ta 16. Ta dawo ne da doke Michigan State, sannan ta yi wa Wisconsin 59 da nema a wasan ƙarshe na rukuninsu, wato gungun makarantun da suke gasa tare, da mai jefa ƙwallo (shi ne jagoran ƙungiya a fili) na uku a benci, Cardale Jones. A wannan ranar jami'ar TCU, wadda ke ta uku, ta ci Iowa State 55 da 3. Washegari kwamiti ya sauke TCU zuwa ta shida, ya saka Ohio State ta huɗu. Iowa State nasara biyu ta yi duk shekarar, cin ta bai ƙara wa kowa komai ba. Ohio State ta wuce ta ɗauki kofi a kan Oregon, 42 da 20. Mutanen TCU har yau ba su huce ba, ni ma ban ga laifinsu ba.

Ni dai tsarin bai gama kwanta mini ba. A 2023 Florida State ta ci wasanninta 13 duka, ta zama zakarar rukuninta, aka bar ta a waje. Aka ɗauki Alabama da Texas, kowace da rashin nasara ɗaya. Kwamiti ya kafa hujja da raunin da mai jefa ƙwallonsu Jordan Travis ya ji a ƙafa a watan Nuwamba. Amma ku dubi sarƙar: Texas ta doke Alabama 34 da 24 a Satumba, Alabama ta zo ta doke Georgia 27 da 24 a Disamba, ta yanke mata jerin nasara 29. Nan take nasarar Texas ta watan Satumba ta yi tsada. 'Yan Texas ba su buga wannan wasa ba, amma sun ci ribarsa. Mai littafi irin na ɗanku ya hango haka tun kafin a sanar.

Tunda za ku nuna masa wannan shafi, ga nawa gare shi. Ƙanena, kada ka tsaya a kan jimlar nasara da rashin nasara, tana yaudara. Da farko ka cire wasan da suka yi da ku daga lissafin kowace ƙungiya, in ba haka ba duk wanda kuka doke kai ne ka rage masa daraja da hannunka. Sannan ka rubuta wa suka ci. Manyan makarantu kan biya ƙanana kuɗi su zo a doke su a watan Satumba, don haka nasara huɗu a jere a farkon kaka ba ta cewa komai. Ka lura ko a gida ne ko a waje, ka kuma lura da ranar da mai jefa ƙwallonsu ya ji rauni, domin ƙungiyar da kuka ci a Satumba ba lallai ita ce ta Nuwamba ba. Matsayin da 'yan jarida suka ba ƙungiya kafin a fara kaka hasashe ne, na ƙarshen kaka shi ke da nauyi. Akwai kuma wani amfani da ba a cika faɗa ba: rukuninku na Big Ten ƙungiyoyi 18 ne, kowace tara take haɗuwa da su, kuma in aka yi kunnen doki, ɗaya daga cikin matakan raba gardama shi ne yawan nasarar abokan karawarku a cikin rukuni.

Wuri ɗaya na san lissafi ba zai yi aiki ba, wato Michigan, babbar abokiyar hamayyar Ohio State. A hankalce ya kamata ɗan Ohio State ya so Michigan ta yi ta cin wasa har ƙarshen Nuwamba da za su haɗu, don doke ta ya yi armashi. Ban taɓa jin wanda zuciyarsa ta yarda ba. Baba, ku gwada shi da wannan, ku ga fuskarsa.

Maganar dare kuwa bambancin lokaci ne. Tsakaninmu da gabashin Amurka awa biyar ne, ya koma shida daga farkon Nuwamba. Wasan ƙarfe 12 na rana can, biyar na yamma ne a Kaduna, na daren su kuma sai bayan sha biyun dare a nan. Wannan kam kuna da ikon ja masa kunne, ba dole ba ne ya raya dare a kan ƙungiyar da ba tasa ba, sakamakon na nan a waya bayan sallar asuba.

Hajiya kuma ba ta yi laifi ba da ta tsorata, caca ta cinye samari da yawa a garin nan, kuma ana yin ta a kan wannan wasan ma. Mai caca sunayen da ke takardarsa suna canzawa kowane mako, za ku ga alƙaluman kuɗi da na riba a gefe, ga yawan rance da ɓoye waya. Na ɗanku sunaye 12 ne ba sa canzawa daga Agusta zuwa Disamba. Ku ce ya buɗe littafin a gabanku da Hajiya, ya bi layi-layi ya yi bayani. Sai dai ku tanadi shayi, don in mai son wannan wasa ya samu mai saurare, ba ya gamawa da wuri.