Ɓaunar da ake huɗa da ita

Malam, ka tambaya ko ɓaunar da ka ga tana huɗar shinkafa a bidiyo irin ta dajinmu ce. A'a. Tamu ta Afirka ba ta horuwa. Waccan 'yar Asiya ce, can aka fara kiwonta shekaru dubbai da suka wuce.

Iri biyu ce. Ta kogi, kamar jinsin da ake kira Murra, don nono ake kiwonta a Indiya, Pakistan, Masar har Italiya, kuma nononta ya fi na saniya mai. Ta fadama ita ce manomiyar Sin da Filifin.

Ni dai ko a fadamar Haɗeja zan yi taka-tsantsan wajen kiwon ta Asiyar, domin ba ta jure rana sai da ruwa ko taɓon birgima, ga bazararmu kuwa ka santa.