Lambun gida ɗaki ne, rufi kawai ya rasa

'Yata,

Saƙonki ya iso. Kin ce abokiyar aikinki ta gayyace ki ganin lambun da suka yi a bayan gida, mai rumfar zama da teburin cin abinci, kina tambaya ko akwai wata ladabtarwa da za ki kiyaye, tunda fili ne ba cikin ɗaki ba.

To, a nan zan tsayar da ke. Irin wannan lambu ɗaki ne, rufi kawai ya rasa. Masu tsara lambuna ma haka suka ɗauke shi. A Ingila akwai lambun Sissinghurst, wanda Vita Sackville-West da mijinta Harold Nicolson suka fara a 1930. Ɗaki-ɗaki aka yanka shi, da katangar bulo da shingen itatuwa, ki fita wannan ki faɗa wancan. Don haka abin da ba za ki yi a falon mutane ba, kada ki yi shi a can.

Ki bar matar gidan ta shige gaba. Ita ta san ta inda take so ki fara, da kusurwar da ba ta so ki leƙa saboda shanya ko tarkacen yara. Ki taka inda aka shimfiɗa don takawa. Ƙasar shuka idan aka tattake ta sai ta danne, ruwa da iska su kasa kaiwa ga saiwa, kuma wurin da kike gani kamar fayau yake, ta yiwu iri ne kwance bai tsiro ba tukuna.

Babban abin dai hannu ne. Na taɓa yin wata baƙuwa, muna cikin hira ta miƙa hannu ta tsinke fure ɗaya tilo da wata shukata ta fitar, ta shinshina, ta yar da shi gefen kujera. Wata biyu ina ba shukar nan ruwa ina jiran ya buɗe. Ban ce mata uffan ba, amma har yau abin yana raina. Alhali da ta roƙa, da na ba ta abin da ya fi fure. Mai lambu ba abin da yake so kamar a ce, "Ko zan samu reshe in dasa?" Za ki ga ta ɗauko almakashi ta yanko miki daidai ƙasan gaɓa, inda saiwa ke saurin fita, ta naɗe a jiƙaƙƙiyar takarda.

Hoto kuwa sai da izini, domin tagoginsu da yaransu duk suna shiga ciki. Idan kin ga ciyawa ko busasshen ganye, ki kau da kai, ta riga ki gani. Gara ki tambayi sunan shuka da wanda ya dasa ta, sau da yawa akwai labarin uwa ko kaka a bayanta.

In ta ce ki zauna, ki zauna, kada ki ce sauri kike yi. Don zaman aka yi rumfar. In kin samo reshen, ki dasa a tukunya ki ajiye a inuwa, in na zo zan duba miki.

Goggonki