Amsa: Labarin abokin da ya ɓata

'Yar'uwa, kin tambaya yadda za ki rubuta labarin saurayi Musulmi da ya bazama neman amininsa Kirista da ya ɓata, ba tare da littafin ya koma wa'azi ba. Ni dai da zan ba ki shawara, ki kafa labarin a Kaduna.

Tun bayan rikicin 2000 da na 2002 garin ya rabu. Musulmi sun fi yawa a Tudun Wada da Rigasa, Kiristoci a Sabon Tasha da Television, ga kogin Kaduna a tsakani. Duk sanda jaruminki zai tsallaka gada da magariba, gaban mai karatu zai faɗi ba sai kin yi bayani ba. Ki kai shi ofishin 'yan sanda, ki kai shi mutuware. Amma inda labarin zai fi ɗaukar zafi shi ne gidan mahaifiyar yaron da ya ɓata: ta san jarumin tun yana ƙarami, ya ci tuwonta, yau kuma tana kallonsa da zargi, shi ko ba wanda zai iya ba shi bakin zaren sai ita.

Don Allah kar ki gaggauta sulhu. Ki dubi Fasto James Wuye da Imam Muhammad Ashafa, tsoffin abokan gaba a Kaduna da suka koma masu sulhunta Musulmi da Kirista: Wuye ya rasa hannunsa a rikicin 1992, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwa. Ko bayan haɗuwarsu a 1995, sai da aka ɗau shekaru kafin zukatansu su saki. Uwar nan ma kar ta yarda da shi kafin tsakiyar littafi.