Karyata ta farauta ba ta da takarda, in riƙa sayar da 'ya'yanta?

Wani ɗan'uwa mai sayar da hatsi a kasuwar Muda Lawal da ke Bauchi ya aiko da tambaya. Yana da karyar farauta da kawunsa ya ba shi daga yankin Ningi, ta haura shekara 2, tana kama zomo da gafiya, har abokansa na aronta in za a fita daji. An gaya masa a Jos da Abuja kwikwiyo na kuɗi mai kauri, amma sai mai takardar rajista, ita kuwa tasa ba ta da komai. Ya kai ta barbara ya riƙa sayar da 'ya'yan, ko ya haƙura?

Malam, wannan takardar da ake maka maganarta ta asalin jinsi ce, mai nuna uwa da uba da kakannin kare. Ana neman ta ne a karnukan waje irin su Boerboel na Afirka ta Kudu da Rottweiler da wanda muke kira karen 'yan sanda, waɗanda masu hali ke saya don gadin gida. Kasuwarsu daban, taka daban. Wanda zai sayi ɗan karyarka ɗan farauta ne ko manomi mai son a kore masa biri daga gonar masara, kuma babu ɗayansu da zai tambaye ka takarda. Abin da zai tambaya shi ne wace ce uwar, wane kare ne ya hau ta, kuma wa ya taɓa ganinsu a daji. Tunda har ana aron taka, ka riga ka samu shaidu. Sai dai ka cire farashin Abuja daga ranka gaba ɗaya, kuma kada wani dillali ya zuga ka ka ce 'ya'yan ruwa-biyu ne da karen waje. Wata 6 kawai asiri zai tonu, kai kuma kullum kana zaune bakin buhunanka inda kowa ya san ka.

Yanzu ɗauko biro mu yi lissafi. Cikin karya kwana 63 ne ko kusa da haka, sai shayarwa, kuma bai kamata a raba kwikwiyo da uwarsa ba kafin sati 8. Tun da cikin ya tsufa har ta yaye su ba za ta fita daji ba, wato kusan wata 3 ke nan. In abin ya faɗo da rani, bayan an kwashe amfanin gona ciyawa ta bushe, to farautar shekarar ta wuce ta, kuma naman da take kawo maka kuɗi ne. Karya mai shayarwa tana cin ninkin abin da ta saba ci, ko fiye. Sauran tuwon dare ba zai riƙe ta ba, sai ka haɗa da tsaki da ƙashi da tarkacen nama daga kwata. Hatsi kam yana hannunka, wannan sauƙi ne gare ka. Ƙara kuɗin maganin tsutsar ciki, wanda ake fara ba 'ya'yan tun suna sati 2, da maganin kaska da ƙuma, da abin da mai namijin zai karɓa, don wasu kwikwiyo ɗaya suke zaɓa a madadin kuɗi.

Abin da ya fi cinye jarin masu wannan harka shi ne cutar amai da gudawar jini da likitoci ke kira fabo. Yau kwikwiyo na wasa, gobe ya ƙi nono ya kwanta, gudawar tana wani irin ƙarni, cikin kwana kaɗan ta bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Rigakafinta ana fara shi daga sati 6. Na haukan kare kuwa sai kwikwiyo ya kai wata 3, a kuma sabunta duk shekara. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, nan maƙwabtanmu a Filato, tana yin wannan allurar, kuma za ka iya neman ta a asibitin dabbobi. Karen farauta na cuɗanya da namun daji, kuma haukan kare in alamunsa suka bayyana a jikin mutum, da wuya a tsira. Katin rigakafin nan shi ne takardar da nake so ka nema, na uwar tun kafin barbara.

Akwai kuma maganar addini, kuma ba zan tsallake ta ba tunda arziki kake nema. Riƙon kare don farauta ko kiwo ko gona ya halatta. Amma hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim kan hana cin kuɗin kare. Risala, littafin fiƙihun Malikiyya na Ibn Abi Zaid, ta ce an hana sayar da karnuka, sannan malamai sun yi saɓani kan sayar da wanda aka yi izinin riƙonsa. Sahnun, cikin manyan Malikawa, ya halatta na farauta. Je ka zauna da malaminka kafin ka karɓi ko sisin kwabo.

In zuciyarka ta natsu, ga abin da nake gani. Kada ka kai ta barbara sai ka samu mutum 4 ko 5 da suka ce suna so, ka san gidajensu. Kwikwiyon da ya wuce wata 3 a hannunka ci kawai yake yi, daga ƙarshe sai masu kai karnuka kasuwar Dawaki ta Kanke a jihar Filato su taya shi da araha, can kuwa yawanci nama ake nema. Nemi namijin da ka ga aikinsa da idonka, ko da Sarkin Baka ne zai haɗa ku. Ka gwada sau ɗaya, ka rubuta duk abin da ka kashe, kada ka taɓa jarin hatsinka, sannan ka bar ta ta huta aƙalla zagaye ɗaya na lokacin barbara kafin ka sake tunanin wani cikin.