Me ya sa ɗan juya faifan girafin ke sauya halin elektron?

Tambaya: Malam, na ji cewa idan aka ɗora faifan girafin a kan wani, aka ɗan juya na sama, sai halinsu ya sauya gaba ɗaya. Ta yaya hakan zai yiwu alhali sinadarin bai sauya ba?

Amsa: Sinadarin kam yana nan yadda yake. Girafin kabon ne zalla, irin na bakin fensir, sai dai kaurinsa ƙwayar zarra ɗaya ne, kuma ƙwayoyin sun jeru kamar saƙar zuma. A faifai guda, elektron, wato ƙananan ƙwayoyin da ke ɗauke da cajin lantarki, suna gudun kusan mita miliyan ɗaya a daƙiƙa, don haka ture juna da suke yi saboda cajinsu iri ɗaya ne ba ya tasiri sosai.

Ka haɗa gidan sauro biyu, ka ɗan karkata ɗaya, za ka ga wani babban zane na haske da duhu ya fito wanda babu shi a jikin kowannensu. Haka yake faruwa da girafin. Idan karkatar ta kai kusan digiri 1.1, zanen yana maimaita kansa a kowane nanomita 13 ko kusa da haka (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), kowane ɗaki na zanen kuma yana ɗauke da ƙwayoyi sama da dubu goma. A daidai wannan kusurwa, tsallaken da elektron ke yi tsakanin faifan biyu yana kashe gudunsu har ya kusa tsayawa, kamar yadda Rafi Bistritzer da Allan MacDonald na Jami'ar Texas suka lissafa tun a 2011. Da gudu ya mutu, sai turin ya zama shi ne mai faɗa a ji, ba a kuma iya bayanin motsin elektron ɗaya sai an san inda sauran suke.

A 2018 ayarin Pablo Jarillo-Herrero a jami'ar MIT ta Amurka, tare da ɗalibinsa Yuan Cao, ya gwada abin. Da suka ƙara ko suka rage elektron biyu a kowane ɗaki, faifan ya ƙi barin lantarki ya wuce, ko da yake akwai sauran gurbi. Da suka ɗan sauya adadin, sai lantarki ya riƙa gudana ba tare da wata tirjiya ba, a sanyin da ya kai kusan digiri 271 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius. A ganina nan ne darajar aikin take, domin a sinadaran tagulla da aka gano a 1986 masu irin wannan hali, sai an haɗa sabon samfuri kafin a sauya adadin elektron, a nan kuwa murɗa ƙarfin lantarki kawai ake yi.

Masana har yanzu suna jayayya kan abin da ke haɗa elektron bibbiyu su gudana haka: wasu sun ce turin ne da kansa, wasu sun ce girgizar ƙwayoyin kabon ce. Aikin kuma yana da wuyar maimaitawa, domin kuskuren kashi ɗaya cikin goma na digiri kan raunana sakamakon, kuma faifan kan zame ya koma daidai da ɗan'uwansa idan ya ji zafi wajen haɗawa.