Kun Tambaya: 'Yan sandan soja, mata a fagen daga, da harbin da ake yi a jana'izar soja

TAMBAYA: Malam dan Allah meye aikin 'yan sandan soja? Ni dai na ɗauka soja ba shi da mai kama shi. (Daga wani matashi mai son shiga soja)

AMSA: Ai kuwa yana da shi ɗan'uwa. Su ne masu kama sojan da ya gudu daga bakin aiki ko ya yi sata ko faɗa a bariki, su kai shi gadirum, su yi bincike, in laifin babba ne magana ta tafi kotun soja. A Ingila jar hula suke sawa, a Amurka kuma za ka ga haruffan MP, wato 'yan sandan soja a Turance a taƙaice, a damtsensu, rundunar tasu an kafa ta ne a 1941. Amma babban aikinsu sai an fita yaƙi, su ne ke tsara hanya don kada motocin abinci da harsasai su cunkushe wuri ɗaya abokan gaba su yi musu ruwan wuta, su raka ayarin motoci, kuma su ne ke tsare fursunonin yaƙi, wanda yarjejeniyar Janiba ta 1949 ta ce dole a ciyar da su a yi musu magani kada a azabtar da su, to ka ga ba aikin mai saurin hannu ba ne.

TAMBAYA: Mun yi musu da maigidana, ya ce mata a yaƙi girki da jinya kawai suke yi. Haka ne? (Daga wata 'yar'uwa)

AMSA: 'Yar'uwa ki gaishe min da maigida, ki ce masa jinyar ma ba ƙaramin abu ba ce, Rufaida al-Aslamiyya tanti ta kafa tana kula da waɗanda aka ji wa rauni tun zamanin Annabi (SAW), Nusaiba bint Ka'ab kuma takobi ta riƙe a Uhudu har ita ma aka ji mata rauni. A yaƙin duniya na 2 mata kusan 800,000 ne suka yi aikin soja a Tarayyar Sobiyet, cikinsu akwai Lyudmila Pavlichenko gwanar harbi daga ɓoye wadda aka lissafa mata mutum 309, ga matuƙa jirage da ke jefa bam cikin dare har Jamusawa suka sa musu suna mayun dare. Sarauniya Elizabeth ta 2 ma kafin ta hau gado ta shiga soja a 1945 ta koyi tuƙi da kanikanci. Wadda ta fi taɓa min zuciya ita ce Noor Inayat Khan, Musulma ce, Ingila ta tura ta Faransa tana aika saƙonnin sirri ta rediyo, Jamusawa suka kama ta aka yi ta matsa mata ta ƙi tona asirin kowa, suka kashe ta a sansanin tsare mutane na Dachau da ke Jamus a 1944. Ko a 2005 a Iraki, saja Leigh Ann Hester ta Amurka, 'yar sandan soja ce fa, an yi wa ayarin da suke rakiya kwanton ɓauna ta shiga ramukan maharan ta yi faɗa, aka ba ta lambar jarumta ta Silver Star, mace ta farko da ta same ta tun bayan yaƙin duniya na 2.

TAMBAYA: Me ya sa ake harbi sama in za a binne soja? Shi ne harbi 21 ɗin? (Daga wani dattijo)

AMSA: A'a Baba, daban-daban ne. Harbi 21 da igwa ake yi, galibi na shugabannin ƙasa ne. Na bakin kabari sojoji ne ke jeruwa su harba bindiga sama sau 3 a tare da harsashi marar kai, ana cewa asalinsa tun da ne, in an tsagaita wuta don kwashe gawawwaki sai a yi harbi 3 alamar an gama. Daga nan mai begila ya busa, a ƙasashen renon Ingila sautin Last Post, a Amurka Taps, wanda ya samo asali a 1862. Tutar da aka lulluɓe akwatin ba a binne ta da shi, a Amurka naɗe ta ake yi mai kusurwa 3 a miƙa wa iyalinsa. Babban mutum kuma wani lokaci za ka ga doki babu mahayi, an juya takalman baya a likkafa, kamar a jana'izar shugaban Amurka Kennedy a 1963.

Baba bari in haɗa da tambayar 'yar'uwar can, don abin yana ci min rai. Matan Amurka da suka tuƙa jiragen soja a yaƙin duniya na 2, ƙungiyar WASP, 38 daga cikinsu sun mutu a bakin aiki, amma tunda a takarda farar hula aka rubuta su babu tuta babu begila, kuɗin kai gawa gida ma 'yan'uwa da abokan aiki ne ke haɗawa, wallahi wannan ba adalci ba ne. Sai a 1977 aka yarda cewa tsofaffin sojoji ne, sannan a 2016 aka yi dokar da ta ba su wuri a maƙabartar sojoji ta Arlington, lokacin da yawancinsu sun riga sun rasu.